Ikkilisiyoyin Arewacin Kogin Kaduna: Yadda Kujeru Suka Cika, Suka Kuma Ragu

A yawancin ikkilisiyoyinmu akwai littafin da magatakarda ke riƙewa, inda yake rubuta yawan waɗanda suka zo sujada kowace Lahadi: maza kaza, mata kaza, yara kaza, baiko kaza. Ana karanta lissafin a lokacin sanarwa, jama'a su ji, a ce mun gode Allah, a wuce. Ba kasafai ake komawa ga tsofaffin littattafan ba. Amma ma'aikacin da aka tura aiki Tudun Wada, ko Kawo, ko Unguwar Rimi, ko Badarawa, in ya roƙi dattawa su fito masa da littattafan shekara talatin ko arba'in da suka wuce, waɗanda gara da wuta suka bari, zai tarar da tarihin garin Kaduna kwance a cikinsu. Wannan darasi a kan abin da littattafan nan ke nunawa ne, da yadda shugabannin ikkilisiya suka karanta shi, wani lokaci daidai, wani lokaci a karkace.

Sai mu fara da abin da ake yawan mantawa. Kaduna garin baƙi ne tun kafuwarsa. Gbagyi ne ke zaune a ƙauyukan wurin kafin layin dogo ya ratsa ta nan wajen 1911, kafin kuma Turawa su dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Gwamnatin Turawa ba ta sakar wa 'yan mishan mara su yi bishara a ƙasashen sarakunan Musulunci ba, saboda haka ikkilisiyoyin farko na Kaduna ba daga wa'azin kasuwa suka fito ba. Ma'aikata ne suka zo da bangaskiyarsu a cikin kayansu: akawuna, ma'aikatan jirgin ƙasa, kafintoci da magina, Yarbawa da Igbo da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Ofisoshi da kasuwa da barikoki suna arewa da kogi, to a nan suka zauna, a nan suka gina ɗakunan sujada. Shi ya sa har yau babbar majami'ar Anglikan ta St. Michael, da babbar majami'ar Katolika ta St. Joseph, da majami'ar Baptis ta farko duk suna tsakiyar gari, a gefen arewa. Wanda ya ga yadda garin yake a yanzu zai iya zaton kuskure aka yi wajen zaɓen fili. Ba kuskure ba ne, a lokacin nan ne jama'ar suke.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai wani sabon ayari ya shigo, kuma shi ne ya fi shafarmu, mu masu hidima da Hausa. Samari daga kudancin lardin Zariya, da Filato, da Adamawa, da Binuwai, da kudancin Borno, waɗanda suka yi karatu a makarantun mishan, suka zo neman aikin soja, da ɗan sanda, da masinja, da aikin ofis a gwamnatin Jihar Arewa. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, sai ƙofa ta ƙara faɗi. Waɗannan mutane harsunansu daban daban ne, Hausa ce ta haɗa su, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito a 1932, da littafin waƙoƙi. Ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka zama ECWA a 1954, majami'arta ta titin Lemu a Tudun Wada kuwa ta zama gida ga dubban baƙi. 'Yan Baptis suka kafa makarantar horar da fastoci da Hausa a Kawo tun ƙarshen shekarun 1940.

A nan ne shugabanni suka yi wani abu da ya kamata ɗalibin tauhidi ya tsaya a kansa. Masu bi daga ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SUM da sauran mishan na tsakiyar Nijeriya sun taru a Kaduna, kowa da al'adar ɗariƙarsa. Wani ana yi wa jarirai baftisma a garinsu, wani sai babba. Wani ya saba da tsarin Lutheran, wani da na 'Yan'uwa. Maimakon kowace ɗariƙa ta kafa tata rumfa, sai aka yarda su yi sujada tare, daga nan ne Haɗaɗɗiyar Ekklisiyar Kristi a Nijeriya, wato HEKAN, ta samo asali, hedikwatarta kuma tana titin Katsina. Bukata ce ta haifi wannan shawara, amma an yi ta da hankali: shugabannin sun dubi su wane ne ke gabansu, suka shirya ikkilisiya daidai da su. Daga baya, da jama'a suka yi yawa, kuɗi kuma ya shigo, ɗariƙun suka soma buɗe nasu majami'u a Kaduna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kira 'ya'yansa gida. Ko wannan ci gaba ne ko koma baya, ni dai ina da ra'ayina, amma na bar wa aji su tattauna.

Karo na farko da kujeru suka zama wayam shi ne a 1966 da 1967. Kashe-kashen da aka yi wa Igbo a biranen Arewa ya sa waɗanda suka tsira suka koma Gabas, yaƙin basasa kuma ya biyo baya. Majami'un Katolika da na Anglikan, inda Igbo suke ginshiƙi, suka wayi gari ba katikis, ba mawaƙa, ba masu riƙe da asusu. A 1967 ɗin ne kuma aka raba Jihar Arewa gida shida, ma'aikatan gwamnati da yawa suka kwashe iyalansu suka koma Jos, da Maiduguri, da Ilori. Wannan ya taɓa majami'un Hausa su ma. Abin da ya biyo baya shi ne shugabanci ya koma hannun 'yan ƙasa da sauri fiye da yadda aka tsara. Bishop John Mort, wanda ya riƙe diyosis ɗin Anglikan ta Arewa tun kafuwarta a 1954, Festus Segun ne ya gaje shi a 1970, sai Titus Ogbonyomi a 1975. A shekarar 1975 ɗin ne Peter Yariyok Jatau ya zama Akbishop na Katolika a Kaduna, ɗan ƙasa na farko a kan wannan kujera, ya riƙe ta har 2007. A cikin shekarun 1970 ne kuma gwamnati ta karɓe makarantun mishan, kwalejin St. John ta Unguwar Rimi, alal misali, ita ce ta zama Kwalejin Rimi. Ikkilisiya ta rasa hanyar da ta saba samun yara, amma ba a ji zafin abin nan da nan ba, domin kuɗin mai ya shigo, Igbo sun dawo, an buɗe kamfanin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980, garin ya sake cika. Fastocin wancan zamani damuwarsu ita ce inda za a ƙara benci.

Ina jin a nan ne muka koyi wata ɗabi'a da ta zame mana matsala daga baya. Mun saba ɗaukar cikar majami'a a matsayin shaidar cewa fasto yana aiki, raguwarta kuma shaidar sanyin ruhaniya. Alhali a Kaduna, jirgin ƙasa da masaƙa da takardar canjin wurin aiki sun cika majami'u, sun kuma kwashe su, ba tare da sun tambayi wa ke wa'azi ba.

Sabon salo da batun harshe

Kafin rikici ya raba garin, wani abu ya riga ya soma jan jama'a daga tsofaffin majami'u. Farkawar da ta taso a tsakanin ɗalibai a shekarun 1970 ta haifi ikkilisiyoyin Fentikos masu sujada da Turanci, da kiɗa na zamani, da wa'azin warkarwa da buɗi. A Kaduna ne David Oyedepo ya fara ikkilisiyar Living Faith a watan Disamba 1983, kafin ya koma Legas a ƙarshen shekarun. Lokacin ya zo daidai da taɓarɓarewar tattalin arziki, ana rage ma'aikata, albashi ba ya kai wata. Saurayin da ya gama makarantar kimiyya da fasaha ta Tudun Wada ba aiki, ya ji ana wa'azin da ke magana a kan halin da yake ciki, ba abin mamaki ba ne in ya bar bencin da iyayensa ke zama.

Dattawanmu sun fara da tsawatawa, wasu har da horo. Da aka ga tsawa ba ta dawo da kowa ba, sai aka buɗe sashen Turanci, a wasu wurare sujada ta biyu a ɗaki ɗaya, a wasu kuma ikkilisiya mai zaman kanta. Hakan ya riƙe matasa da yawa, amma ya bar wani tabo. Masu ilimi da masu albashi suka tattara a sashen Turanci, sashen Hausa ya zama na tsofaffi, da mata, da leburori, da sababbin zuwa daga ƙauye. Baiko ya bi masu albashi. Fasto mai digiri ya soma ganin tura shi sashen Hausa kamar rage masa daraja ne. Ku riƙe wannan a zuci, domin zai dawo.

Shekarar 2000 da abin da ta bari

Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya fantsama zuwa Kaduna da Zariya da wasu garuruwa, an ƙone majami'u da yawa. Na Zangon Kataf a Mayu 1992 shi ma ya iso cikin gari. Bayan kowannensu wasu iyalai sun tashi, amma yawanci sun gyara gida sun ci gaba da zama. Abin da ya faru a 2000 dabam ne. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, majalisar dokokin Kaduna ta ɗauki maganar. Ranar 21 ga Fabrairu Kiristoci suka yi jerin gwano don nuna ƙin amincewa, kafin la'asar gari ya kama da wuta, aka kwana uku ana kashe juna. A watan Mayu aka sake. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙidaya mutum 1,295 da suka mutu a rikicin Fabrairu, masu kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suna ganin adadin ya haura haka sosai. An ƙone makarantar tauhidi ta Baptis da ke Kawo. An ƙone majami'u, an ƙone masallatai. Wajibi ne ma'aikacin Ubangiji ya faɗi wannan tarihi da gaskiya: Musulmi da yawa sun mutu a unguwannin kudu, a hannun mutanen da ke amsa sunan Kirista, wasunsu kuma 'ya'yan ikkilisiyoyinmu ne.

An yi ƙoƙarin ɗinke ɓaraka. Gwamna Ahmed Maƙarfi ya fito da tsarin kotunan shari'a da na al'ada a 2001. Ranar 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini ashirin da biyu, sha ɗaya daga kowane ɓangare, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, aikin da Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa suka yi ɗawainiyarsa. Wata uku bayan haka, a Nuwamba, rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke, mutum wajen 250 suka rasa rai. Wannan ne ya yanke wa masu jinkiri shawara. Kiristoci suka bar Rigasa, da Tudun Wada, da Unguwar Sanusi, da Kawo, da Badarawa, suka ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha, da Narayi, da Television, da Romi, da Gonin Gora. Musulmin kudu su ma suka yo arewa. Wasu musayar gida suka yi, wasu suka sayar a wulaƙance, wasu ko ƙofa ba su tsaya rufewa ba. Har mutanen gari suka riƙa kiran arewa Makka, kudu kuma Urushalima, ana faɗa ana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Jama'a sun tashi, gine-gine ba su tashi ba. Nan ne shugabanni suka fuskanci tambayar da ba a koya musu a makaranta ba: me za a yi da majami'ar da tumakinta suka koma hayin kogi? Wasu ikkilisiyoyi sun bi jama'arsu, suka sayar da fili ko suka bar kango. Wasu sun buɗe reshe a kudu, cikin 'yan shekaru reshen ya fi uwar girma, har ya zama shi ke tallafa mata. Wasu kuma suka ce ko mutum goma ne suka rage, ba za a rufe ƙofa ba. Ba na ganin akwai wanda za a jefa da dutse a cikinsu. Faston da ya binne membobinsa a mako guda, in ya ce a tashi, wa zai ce masa matsoraci? Wanda kuma ya ce a zauna, ya san cewa filin da aka sayar ba ya dawowa, samun izinin sabon gini a unguwar kuwa sai an sha wuya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma wanda ba a cika yin nazarinsa ba, shi ne irin ikkilisiyar da ta fito daga cikin waɗanda suka zauna. Sai in kira ta ikkilisiyar masu ƙetare gada. Ran Lahadi da safe za ka ga motoci da bas-bas sun nufo arewa ta gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, cike da mutanen da ke komawa majami'ar da aka yi musu baftisma, aka ɗaura musu aure. Magatakarda ya ƙirga, lissafi bai yi muni ba. Amma je ka addu'ar tsakiyar mako. Je ka nazarin Littafi Mai Tsarki na yamma, ko koyon waƙa, ko addu'ar asuba wadda a dā mata ke cika ɗaki kafin su tafi kasuwa. Ba wanda zai yarda magariba ta same shi a hayin da ba nasa ba. Aka dawo da komai ranar Lahadi: zumuntar mata, da taron matasa, da ajin baftisma, da zaman dattawa, duk a jere bayan sujada, mutane na duban agogo. Kwanan addu'a ya mutu. A wurare da yawa faston kansa ya bar gidan da ke harabar majami'a ya kama haya a kudu, don matarsa da 'ya'yansa su yi barci, sai maigadi kaɗai ke kwana. Ziyarar gida gida, wadda ita ce ƙashin bayan aikin kiwo a wurinmu, ta koma tafiyar yini guda da kuɗin mai.

Na taɓa yin wa'azi a irin wannan majami'a. Bayan an tashi na tambayi wani dattijo, na ce, "Baba, cikin dattawan nan, su wa ke zaune a unguwar?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ai ni kaɗai ne, ni ma don ba ni da kuɗin tashi ne." Ma'anar wannan ita ce, waɗanda ke yanke shawara a kan lokacin sujada, da harshen wa'azi, da yadda za a kashe baiko, ba su ne ke kwana a unguwar ba. In maƙwabci ya yi rasuwa ko suna, ba wanda zai je gaisuwa da sunan ikkilisiya. Majami'a ta zama baƙuwa a inda ta shekara hamsin.

Shekarun 2011 da 2012 sun ƙara nauyi. Bayan rikicin zaɓen Afrilu 2011, sai bama-bamai. Ranar Ista, 8 ga Afrilu 2012, mota ta fashe a kusa da wata majami'a a tsakiyar gari, yawancin waɗanda suka mutu 'yan acaɓa ne da masu sana'a a bakin titi. Ranar 28 ga Oktoba ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa da mota cikin majami'ar Katolika ta St. Rita a yankin Malali ana tsakiyar sujada. Daga nan aka soma tare titi da duwatsu da ganguna, ana bincikar mutane a ƙofa, aka hana mata shiga da manyan jakunkuna, 'yan Boys' Brigade suka koma masu gadi. Matakan sun zama dole. Sai dai ku yi tunanin baƙon da ke son ya leƙo ya ji abin da ake faɗa a ciki, ko mai neman gaskiya a ɓoye: ƙofar da dā a buɗe take yanzu sai an tambaye shi wa ya sani.

Ba duka shugabanni ne suka amsa da katanga kaɗai ba. Bishop Josiah Idowu-Fearon, wanda ya riƙe diyosis ɗin Anglikan ta Kaduna daga 1998 zuwa 2015, masani ne a kan addinin Musulunci, ya kuma kafa cibiyar nazarin dangantakar Kirista da Musulmi a garin. Ya sha suka daga cikin gida, wasu na ganin ya cika sassauci. Ko mutum ya yarda da hanyarsa ko bai yarda ba, ya gane abu ɗaya: ikkilisiyar da za ta zauna a arewacin kogi dole ta san maƙwabtanta, ta iya zama da mai unguwa da limami, ba sai ranar da hayaƙi ya tashi ba.

Bayan haka raguwar ta koma ta sannu a hankali. Masaƙu sun rufe, KTL a 2002, UNTL a 2007, waɗanda suka yi ritaya suna komawa garuruwansu. Yaran da aka haifa a Sabon Tasha bayan 2000 ba su da wani tarihi da majami'ar Tudun Wada, ga wata kuma a bakin ƙofarsu. A 2020, saboda annobar korona, gwamnatin jiha ta rufe wuraren sujada daga ƙarshen Maris har zuwa Yuni. Masu ƙetare gada da yawa suka saba da majami'ar unguwa, ko da wa'azin Facebook, ba su dawo ba. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, magidanci mai 'ya'ya biyar ya zauna ya yi lissafin kuɗin mota zuwa da dawowa, ya ga ya fi abin da zai sa a baiko. Sababbin hanyoyi, irin ta Yakowa da ta haɗa Unguwar Rimi da yankin matatar mai, sun rage nisa ga mai mota, amma ba su rage wa talaka kuɗi ba.

Su wa suka rage?

Kuskure ne a ce ba sauran Kirista a arewacin kogi. Akwai sojoji da iyalansu a barikoki, da na sansanin sojan sama a Mando, da 'yan sanda. Akwai ɗaliban makarantar kimiyya da fasaha da na jami'ar jiha. Akwai ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa, da tsofaffin iyalai a Kabala, da Unguwar Rimi, da Malali, da Kurmin Mashi. Akwai 'yan aikin gida da masu gadi a unguwannin manya, waɗanda ba a ba su izinin fita sai na awa biyu. Akwai kuma waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Birnin Gwari da Chikun, da waɗanda suka gudo daga Arewa maso Gabas. In ka duba da kyau, yawancinsu baƙi ne, masu zuwa su tafi, kamar dai waɗanda suka kafa majami'un tun farko. Da yawansu kuma Hausa suka fi ji. Ga inda maganar da na ce ku riƙe ta dawo: sashen Hausa, wanda aka raina a shekarun 1990, shi ne ya fi dacewa da mutanen da ke zaune kusa da waɗannan majami'u a yau, amma shi ne ba a son tura masa ƙwararren ma'aikaci.

Tsarinmu ma bai taimaka ba. A ɗariƙu da yawa, kason da ikkilisiya ke aikawa gunduma an ɗora shi ne a kan girman da aka san ta da shi a dā. Ana duban babban gini da tsohon suna, ba a duban wa ke ciki. Faston da aka tura can yana kwana da tunanin albashinsa, da kuɗin tsaro, da rufin da ke yoyo a ɗakin da aka gina don mutum dubu, sa'an nan a taron shekara a karanta lissafinsa kusa da na abokin karatunsa da ke Sabon Tasha. In ya shekara biyu sai ya soma neman canji. Wanda ya gaje shi kuma sai ya fara daga farko: bai san mai unguwa ba, bai san gidan gwauruwar da ke bayan kasuwa ba, bai san wace hanya ake bi a fita in gari ya rikice ba. Tsohon maigadin majami'a ne ke nuna masa.